Tambayar Likita a Gaban Baba Malam

Ana tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun Dutse ke mayar wa mutane da zafin rana har bayan magariba, Izzuddeen ya ce wa matarsa Safina wai ƙafarsa sanyi take ji. Sanyi fa! Kowa a unguwarsu ta Takur yana neman inuwa, shi yana neman safa. Ta yi masa dariya. Da ta durƙusa ta taɓa babban yatsansa na ƙafar dama, ta ji shi kamar ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo, sai dariyar ta ɗauke.

Kafin damina ta sauka yatsan ya rine ya koma baƙi, na kusa da shi ma ya fara bin sahu. Ga azaba. Ƙato guda, sai ka gan shi zaune a bakin gado ya saki ƙafa ƙasa yana cije leɓe, don in ya ɗora ta kan katifa ciwon ninkuwa yake yi.

Direba ne shi, kuma da wannan ƙafar yake taka totur da birki. Motar Alhaji Muntaka yake ja, wani dillali mai babban sito a bakin kasuwa. In ka tambayi dangin Izzuddeen a Jahun me yake ɗauka, za su ce maka kayan masarufi. To, akwai 'yan katan-katan na biskit da ashana a bakin ƙofar motar, don idon jama'a. Sauran kuwa har rufi sigari ce. Yana sauke wa masu tebur da masu shayi tun daga Shuwarin har Kafin Hausa, su farke kwali su sayar kara-kara, yadda ko wanda ba shi da kuɗin kwali guda ba zai tafi haka nan ba. Da wannan sana'a ake ɗora tukunya a gidan, da ita aka sa 'yarsu Mashkura a makaranta. Kai, har rumfar kwanon da mahaifinsa Malam Abdurrahman yake karantarwa a ƙarƙashinta, da ita aka kafa.

Kuma shi ma yana shan sigarin. Safina ta san haka tun satin da aka kawo ta. Wa ke wanke masa riguna, ta ga 'yan hujojin da wuta ta yi a gaban aljihu? Kullum in ya ci abinci zai ce bari ya miƙe ƙafa, ya zagaya bayan duwatsu, ya dawo yana taunar kanumfari, ya zuba turare kamar ango. Ɗan gidan malamai ne, ba a jin irin wannan magana a kansa. Ita ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ta ce rufin asirin miji ai ibada ne.

Ranar da za a je asibiti, tun da hantsi sai ga Malam Abdurrahman ya sauka daga motar Jahun da sandarsa. Safina ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, kanta a ƙasa. Duk shekarun da ta yi a gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ba ta taɓa faɗa masa abin da ya wuce gaisuwa ba. Haka aka rene ta, haka kuma ya kamata.

Su uku suka shiga wurin likita. Malam ya zauna a kujera, Izzuddeen yana kan gadon dubawa, ita tana tsaye a jikin ƙofa. Likitan ya daddanna bayan ƙafar, ya danna idon sawu, ya jima yana lalube. Sannan ya ɗago.

"Malam Izzuddeen, kana shan taba?"

Izzuddeen ya kalli takalman mahaifinsa. "A'a, likita."

"Ko da can baya? Ko ɗan kaɗan?"

Malam ya gyara murya. "Likita, ai ya ba ka amsa."

Likitan ya yi ajiyar zuciya. Ya ce dalilin tambayarsa shi ne akwai wata cuta mai toshe hanyoyin jini na ƙafa, kusan masu shan taba kaɗai take kamawa, kuma ba ta da maganin da ya wuce a daina gaba ɗaya. In an daina da wuri takan tsaya. In ba a daina ba, sai ta ci yatsu ta hau ƙafa. Amma tunda an ce ba a sha, to sai a shiga bincike, kuma binciken da tsada.

Maganar na bakin Safina. Wallahi har ta ji ta a kan harshenta. Ta dubi bayan rawanin Malam, ta haɗiye.

Da Malam ya koma Jahun da yamma, ta rufe ƙofar ɗaki.

"Baban Mashkura, ka ji abin da likita ya ce?"

"Na ji. Zan rage."

"Bai ce a rage ba."

"Safina, ki bar ni in ji da ciwon nan. Tabar kaɗai ke ɗan lafar min da shi."

"Ita ce ciwon ai!"

Ya juya mata baya. Ta san shi sarai. Sau nawa ya yi mata alkawari? Duk watan azumi sai ya rantse daga wannan ya bari, ana shan ruwa kuwa ya kama hanyar bayan duwatsu. Maganar mutum ɗaya yake ji a duniya, mahaifinsa. Lokacin da yake jan babbar mota zuwa kudu, Malam cewa kawai ya yi ba ya son wannan tafiyar, a ranar ya mayar wa masu mota makullinsu bai ko tambayi dalili ba.

"To ka bari a faɗa wa Baba Malam. In shi ya ce ka bari, za ka bari."

Ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. "In kika yi haka kin kashe ni da raina. Mutumin da jama'a ke bin sallarsa, a ce ɗansa mashayin taba ne? Da wane ido zan dube shi?"

"Da wace ƙafa za ka je gaishe shi?"

Ya jawo sanda ya ɗingisa ya fita, ta san inda ya nufa.

Aka shiga gwaje-gwaje. Aka auna suga, babu. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Aka tura su Kano ɗaukar hoton jijiyoyi. Keken ɗinkinta ya tafi, tumakin da take kiwo a bayan gida suka bi shi. Abin da ya fi ci mata rai ba asarar ba ce, a'a, ganin ana ta sayar da kayanta ana neman abin da ke cikin aljihun rigarsa. Kuma duk ranar asibiti sai Malam ya zo. Ko ruwa ake yi sai ya zo, ya zauna a wannan kujera ta kusa da likita. Sau biyu ta yi niyyar tare likitan ita kaɗai a baranda. Sai ta tuna ko ta faɗa masa, abin da zai ce bai wuce a daina ba, wanda mai ƙafar ya riga ya ji ya watsar. Kunnen da take buƙata na Malam ne, shi ne kuma wanda ba ta da bakin yi wa magana.

Ana cikin haka Alhaji Muntaka ya zo dubiya, da ledar lemo da ayaba. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ya sa wani yaro mai suna Ɗanladi a kan motar kafin Allah ya kawo sauƙi, don masu tebur ba sa jira. Da ya tafi Safina ta zo gyara shimfiɗa, sai ga kwali sabo fil a ƙarƙashin matashi. Ta ja mayafi ta bi shi har bakin mota.

"Alhaji, wannan fa? Ita ce ke cin ƙafarsa, ku kuma ita kuka kawo masa dubiya?"

Ko a jikinsa. "Hajiya, ni na san abin da yake so, na kawo masa. Ban taɓa ɗura wa kowa a baki ba. Ga gargaɗi nan a jikin kwali, kowa yana gani. Gwamnati ma tana karɓar harajinta. Ku kanku da me kuke cin tuwo?"

"To ko za ku taimaka da kuɗin asibiti?"

"Kasuwa ta yi nauyi wallahi. Amma za mu duba."

Ya ja gilashi ya tafi. Ta tsaya a rana da kwalin a hannu, haushi ya hana ta ko motsawa. Abin takaicin, bai yi ƙarya ba a kan tuwon. Ta jefa kwalin a murhu. Kafin la'asar Izzuddeen ya ɗingisa zuwa teburin bakin layi, wanda shi da kansa yake sauke wa kaya, ya sayo kara biyu.

Da kaka ta yi, baƙin ya wuce yatsu ya hau bayan ƙafa, har ya fara wari. Aka kwantar da shi. Washegari da safe likitan ya zo ya buɗe bandeji, ya daɗe yana kallo, ya ce gaskiya ba za a iya ceton ƙafar ba, yau za a shiga tiyata a cire ta daga ƙasan gwiwa. Sannan ya taɓa ta hagun.

"Ita ma ta fara sanyi. Zan sake tambaya, don Allah a gaya min gaskiya."

Izzuddeen ya rufe ido. Malam ya fara gyara murya.

"Yana sha!"

Safina kanta ba ta san muryarta za ta fita haka ba. Har masu jinya na gadon kusa suka waiwayo.

"Yana sha, likita. Kullum. Ko jiya ya sha a bayan ɗakin nan. Baba, ku yafe min, amma yana sha."

Ta fice baranda da gudu. Ta san ta yi abin da ba a yi. Ta tona asirin miji, ta ɗaga murya a gaban suruki, a cikin mutane. Ta jingina da bango tana jiran abin da zai biyo baya, ko saki ne ma.

Ƙarar sanda ta ji. Malam ya zo ya tsaya ɗan nesa da ita, yana fuskantar fili. Ta zube ƙasa.

"Ashe kin sani?" ya ce a hankali.

"Tun satin da aka kawo ni, Baba."

Ya girgiza kai.

"Ni tun kafin a kawo ki. Tun yana saurayi nake jin warin a sahun salla. Abin da yake ɗauka a motar nan ma na sani." Ya dogara da sandarsa. "Ni zatona ke ce ba ki sani ba. Shi ya sa nake biyo ku. Na ce kada likita ya matsa masa ya faɗa a gaban iyalinsa, mutuncinsa ya zube a idonki."

Safina ta ɗago kai. Karo na farko a rayuwarta ta dubi fuskar surukinta sosai. Tsoho ne kawai, idanunsa sun yi ja. Ta so ta yi ihu, ta so ta yi kuka, ba ta san wanda za ta fara ba. Innalillahi! Wata da watanni shi yana kare ɗansa daga gare ta, ita tana kare mijinta daga gare shi, ƙafar tana ruɓewa a tsakaninsu.

"Baba," ta ce, "ɗayar ƙafar."

Ya juya ya koma ciki, ta bi bayansa. Ma'aikata sun riga sun mayar da Izzuddeen kan gado mai taya. Ya ja zani ya rufe fuskarsa. Malam ya sa hannu ya janye zanin.

"Izzuddeen."

"Na'am, Baba."

"Ka bar ta. Daga yau."

"To, Baba. Na bari."

Shi ke nan fa. Maganar ba ta kai tsawon gaisuwar safe ba. Kuma Safina ta san ya bari ɗin har abada, don ta san wannan muryar tasa. Da an faɗi haka a bazara, da da ƙafarsa zai koma gida.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ce a ba su hanya. Suka matsa gefe, ita da Malam, aka tura shi ɗakin tiyata.