Hannun Baba Ndaman

Ajinmu na koyon kula da marasa lafiya ba na yara ba ne. Akwai Muniratu mai jikoki, akwai Yona da ya bar tuƙin keke a layin Maitumbi saboda ciwon baya. Sista Magdalina ce ke koya mana yadda ake kare majinyaci daga cutarwa, ko daga baƙo take, ko daga ma'aikaci, ko daga nasa na jini. Ran nan ta ce zaman benci ya isa, mu biyo ta ɗakin maza.

A gadon ƙarshe muka tarar da wani dattijo mutumin Bida, Baba Ndaman. Shanyewar ɓarin jiki ta tafi da damansa, ta tafi da maganarsa. Hannun hagun da ya rage masa kuwa an ɗaure shi da tsumma a ƙarfen gado. Wuyan hannun ya kumbura, fatar ta fara saɓulewa.

"Wa ya ɗaure shi?" in ji Sista.

Ɗansa Kudu, wanda ke jinyarsa, ya miƙe. "Ni ne, Sista. Kullum sai ya fizge hannu, allurar ƙarin ruwa ta fita, jini ko'ina. Nas ta ce jijiyoyin sun kusa ƙarewa. Kansa ne ya juye."

Yona ya yi ƙasa da murya. "Ko ni haka zan yi."

"Yona, ba buhun doya ba ne a bayan kekenka," in ji Sista, ba ta ko waiwaya ba.

Ta durƙusa daidai fuskar tsohon, ta gaishe shi, ta faɗa masa sunanta, ta nemi izinin taɓa shi. Sannan ta dube mu. "Ɗaure mutum babban abu ne, ko da ƙauna aka yi shi. Ba ma yi da kanmu, ba ma gani mu wuce. Kafin a hana hannu, a fara ganin inda yake son zuwa."

Ta kwance tsumman. Ni ta ba ni robar ƙarin ruwan, ta ce in riƙe ta sako-sako, in bi hannun duk inda ya nufa.

Muka tsaya. Hannun na kwance, ba motsi. Yona ya fara sauya ƙafa. Can sai ladanin masallacin bakin titi ya kira azahar.

Hannun ya tashi. Bai nufi allurar ba. Bango ya nufa, yana miƙewa, saura kamar taƙi ɗaya ya kasa kaiwa. Robar ta ɗame a yatsuna. Kudu ya zabura zai riƙe shi, Sista ta tare shi da kafaɗa.

"Ku tura gadon."

Muka tura. Tafin ya sauka a jikin bango. Baba ya shafi fuskarsa a hankali, daga goshi har gemu. Ya sake dafa bangon, ya laluba ya kamo hannun damansa da ya shanye, ya jawo shi kan ƙirji, ya shafe shi har yatsu.

"Taimama yake," in ji Muniratu.

"Mece ce ita?" Sista ta tambaya.

"Alwalar wanda ya kasa kaiwa ga ruwa."

Gefen leɓen Baba da bai shanye ba ya soma motsi. Mai rediyo a gadon tsakiya ya kashe abinsa.

Kudu ya zauna daɓas a ƙasa, tsumman a hannunsa. Sista ta ce za ta sanar da nas a wanke ciwon, a gyara zaman allurar, kuma gadon nan ya zauna ke nan. Da ƙyar Kudu ya ɗago.

"Sista, gabas ta ina take a ɗakin nan?"

Ba ta sani ba. Wani mai karaya a gadon kusa ya ɗaga yatsa, ya nuna masa.