Mijina Ba Tsoho Ba Ne

Labarin ya iske Rifkatu da hantsi, tana tsugune a tsakar gida tana tsince wake. Haladu ɗan acaɓa, maƙwabcinsu, shi ya kawo shi, kuma bai iya kawowa ba, don tun daga zaure ya fara salati.

"Inna, Baba Dogara ya dawo?"

Bai dawo ba. Shekaranjiya mijin nata ya tafi Gwaram gaida wani dattijon coci da ke kwance, ya ce jiya zai juyo. Da bai zo ba, ta ɗauka ruwan sama ne ya tsare shi. To ashe ruwa ya yanke hanya a wajen Basirka, da kwalekwale ake ƙetarar da mutane, kuma jiya da la'asar wani kwalekwalen ya kife. Wani direba da ya san Dogara ya ce da idonsa ya ga ya shiga. An tsamo wasu a nan take, wasu ruwa ya yi gaba da su.

Faifan ya suɓuce daga hannunta, kaji suka yi caa a kan waken, ba ta ko ce musu kas ba.

"Mutanen ƙauyukan bakin ruwa suna ta tsamowa," in ji Haladu. "Ki ɗauko hotonsa mu bi mu tambaya. Kin san ba sa barin gawa ta kwana."

Hoto! Nan fa ake yin ta. A wannan zamani da ko akuya ta haihu sai an ɗauke ta a waya, Dogara shi kaɗai ne a ƙauyensu na kusa da Kiyako da in ka ɗaga waya zai juya maka ƙeya. Katin zaɓensa kuwa yana aljihunsa. Rifkatu ta shiga ɗaki ta jawo kwallar da ke ƙarƙashin gado, wadda ba tuwo ba miya a cikinta sai hotuna a ƙunshe cikin leda. Ga na aurensu da ya koɗe, fuskoki sun zama kamar toka. Ga na mahaifiyarta a bakin rumbu. Ga na ƙungiyar mata da zane iri ɗaya. Kowace Lahadi in an taso daga sujada takan baje su a kan tabarma ta gaishe su ɗaya-ɗaya, har Dogara yana tsokanarta wai ta buɗe kasuwa.

Can ƙasa ta zaro wanda take nema. Ranar bikin godiya ta kaka aka ɗauke shi, shekaru sun kusa ashirin, lokacin da wani mai hoto ya zo daga Birnin Kudu. Ga dammunan gero an jingine a bangon coci, ga Dogara a tsaye, baƙi, kakkaura, yana dariya har da haƙorin makka. Ga ita a gefe. A tsakiyarsu ga ɗansu na fari, Istifanus, yana rungume da zakaran da zai miƙa baiko a coci. Damina ta gaba rafi ya ci yaron. Tun daga ranar Dogara bai sake tsayawa gaban mai hoto ba.

Ta sa hoton a tsakiyar Littafi Mai Tsarki, ta naɗe a leda, ta ɗaure a gefen zane, ta hau bayan Haladu.

Hanyar duk ta jiƙe. Gero ya fi mutum tsawo a dama da hauni, amma can gaba sai suka fara ganin gonakin da ruwa ya kwantar, karare sun yi ruf da ciki. Rifkatu ba ta son ruwa. Tun mutuwar yaron ko wanki ba ta kai wa rafi. A wancan lokacin yayyenta da suka zauna a kan al'adar kakanni sun zo ta'aziyya suka ce mata ai ga irinta nan, ta bar abin da ke tsaron gidan ubanta, ta dawo a yanka baƙin bunsuru kafin ruwa ya sake neman wani. Ba ta koma ba. Ta ci gaba da zuwa coci, ko da yake ta yi shekara guda in an ɗaga waƙa bakinta kawai ke motsi. Yau a bayan babur maganar nan tasu ta dawo mata, ta zauna mata a ƙirji, ta yi ta korarta da addu'a tana dawowa.

A Basirka mutane sun yi cincirindo a bakin ruwa. Ruwan ja ne, yana tafe da itatuwa da jinkar wani ɗaki, yana wani irin gurnani. Aka nuna musu wata ƙaramar hanya da ta bi gangare, aka ce su tambaya ƙauye-ƙauye.

Taɓo bai bar babur ya shiga ƙauyukan ba, saboda haka Haladu ke tsayawa da shi a bakin hanya, ita ta kutsa da ƙafa, takalmi a hannu. A ƙauyen farko suka duba hoton suka ce ba su tsamo kowa ba sai tunkiya. A na biyu, Unguwar Tsamiya, ta sami maza a ƙofar gidan mai unguwa, Malam Yahuza. Ya karɓi hoton da hannu biyu, ya kai shi nesa da idonsa, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Baiwar Allah, wannan dai ba mu gan shi ba. Amma da asuba masunta sun tsamo wani tsoho a jikin itacen kargo, yana nan..."

"Mijina ba tsoho ba ne," in ji Rifkatu.

Ta karɓe hotonta ta yi godiya ta juya, har da ɗan jin haushi. Tsoho! Mutumin da yake yin huɗar gonar nan tasu shi kaɗai? A hanyar fita ta yi kiciɓis da wasu samari ɗauke da diga da shebur sun nufi bayan gari. Ta kauce musu, ta ce a ranta Allah Ya jiƙan tsohon mutane.

Ƙauye na uku babu labari. Na huɗu ma haka. Rana ta karkata, gabas ta fara haɗa baƙin hadari. A na biyar ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, Haladu ya ce ta zauna a gindin ɗorawa, ta ba shi hoton ya shiga ya tambaya. Sai a lokacin ya fara ganin hoton.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dube ta, ya sake duban hoton.

"Inna, wannan kike ta nunawa?"

"Wanne zan nuna? Shi ke nan gare ni."

"Inna, don Allah kada ki ji haushina. Ni da na tashi a ƙofar gidanku, da a hanya aka nuna mini wannan, wallahi cewa zan yi ban san shi ba. Baba Dogara kansa fari fat. Haƙoran nan babu su. Da sanda yake tafiya."

"Sandar ai don macizai ce."

"Inna."

Ya faɗe shi a hankali, kamar mai lallashin yaro. Rifkatu ta buɗe baki za ta yi masa faɗa, sai ta fasa. Ta nemi fuskar mijinta a ranta, fuskar shekaranjiya da ya ce mata sai ya dawo, wallahi sai ta hoton ke zuwa. Shekara da shekaru tana zuba masa tuwo, tana wanke masa riga, amma in tana son ta dube shi da kyau kwalla take buɗewa. An ce so hana ganin laifi, ashe har tsufa yana hana gani.

Sai ta tuna samarin nan da diga da shebur.

Ihun da ta yi ya tashi tsuntsayen da ke kan ɗorawar. "Haladu! Tsohon! Sun ce sun tsamo tsoho, ban tsaya na ji ba! Ban ko tambaya da rai ko babu ba!"

Nan take Haladu ya buga babur.

Ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan komawar ba. Iska ta taso tana kaɗa gero, babur yana zamewa, sau biyu suna sauka su tura. Idan gawa ce, sun binne shi tun azahar, don mutanen kirki ne, ba za su bar baƙo a yashe ba. Sun binne shi ba suna, ba fasto, nesa da kabarin ɗansa, kuma da bakinta ta ce ba nata ba ne. Tana tsaye a ƙofar, ƙila bango ɗaya ne tsakaninsu. Ta kama rigar Haladu tana magana a fili, ba ta damu ya ji ba.

"Ya Ubangiji, Ka ɗauki yaron, ban bar Ka ba. Ka san an ja ni, ban tafi ba. Ba ciniki nake yi da Kai ba, ko Ka ɗauki wannan ma ba ni da wurin zuwa sai gare Ka. Amma tsoro nake ji. Ya Yesu, tsoro nake ji, Ka riƙe ni."

"Amin," in ji Haladu, bai waiwayo ba.

Wannan karon a taɓo ya yar da babur ɗin ya biyo ta. Kafin su kai gidajen, a bayan gari, sai ga shi: sabon kabari, jar ƙasa a jiƙe, an jera ƙaya a kai. Rifkatu ta durƙusa a nan cikin laka. Ta so ta yi kuka, kukan ya ƙi fitowa, sai wani sauti kamar na mai shaƙuwa. Haladu ne ya ɗaga ta, kusan jan ta ya yi har ƙofar mai unguwa.

Malam Yahuza yana alwala. Ya ajiye buta ya miƙe.

"Ke ce ta ɗazu. Na tura yaro ya bi ki, kin yi nisa."

"Wa kuka binne?"

"Wani saurayi ne, Allah Ya jiƙansa. Mun ɗauki fuskarsa a waya ko danginsa za su zo. Tsohon yana ciki. Tun safe bai ce uffan ba, zazzaɓi ya rufe shi, ruwa ya tafi da rigarsa, ba mu san ko waye ba. Mai kemis ya zo ya yi masa allura."

Ɗakin da duhu-duhu, an hura garwashi a kasko. A kan katifa ga wani ɗan tsoho a ƙudundune cikin bargo, sanye da rigar aro da ta yi masa yawa. Kai fari, kumatu sun faɗa, wuya duk jijiya, hannayen sun kumbura sun yayyage wajen riƙon reshe. Rifkatu ta tsaya a kansa tana kallo, kuma abin kunya, sai da ta ɗan yi shakka. Sannan ta ga tabon lauje a babban yatsansa na hagu, wanda ita da kanta ta ɗaure da tsumma suna amare.

"Maigida," ta ce.

Idanun suka buɗe a hankali. Ya daɗe yana kallonta. Leɓensa ya motsa, ta sunkuya.

"Kin rufe awaki?"

Sai a nan kukan ya zo. Ta yi shi sosai, tana godiya ga Allah tana zagin awaki, matan gidan suka taru a bakin ƙofa suna ta sannu, sannu. Tana cikin yi ta tuna akwai wata uwa a wani gari da har yanzu ba ta san ɗanta yana ƙarƙashin jar ƙasar nan ba, ta ƙara wani kukan dominta.

Da aka ba shi kunu ya ɗan sha, Haladu, da ba ya iya riƙe magana, ya kwashe labarin hoton duka ya faɗa masa. Dogara bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu. Ta kwance ledar ta zaro hoton daga Littafin ta ba shi. Rabonsa da riƙe shi tun rasuwar yaron, ko ta baje a tabarma tsokana kawai yake yi daga nesa. Ya kai shi kusa da hasken ƙofa. Bai kalli kakkauran mutumin ba, yaron da zakara ya tsura wa ido.

"A cikin ruwan nan shi na yi ta gani," ya ce. Ya mayar mata da hoton. Can ya ce, "Haladu, wayarka tana ɗauka?"

"Tana ɗauka, Baba."

"To ɗauke mu. Kada gobe a sake bin gari da hoton wani."

Aka tayar da shi zaune, aka jingina shi da bango. Rifkatu ta goge fuska da gefen zane ta zauna a gefensa, laka har gwiwa. Haladu ya ja da baya ya ɗaga waya, ya leƙa, ya sauke.

"Ku ɗan matso mana. Akwai fili a tsakaninku."

Rifkatu ta dubi filin. Bai fi zaman yaro ɗan shekara goma sha biyu ba. Ta dubi mijinta, tsohon, shi ma wurin yake kallo.

"Bar shi haka," in ji Dogara. "Ɗauka."