Ciyawar Cikin Waya

Akuyar Salamatu ta riga ta cusa kai tsakanin wayoyin shingen, bakinta ya kai ga ciyawa, sai Ibram ya cafko ƙafafunta na baya ya jawo. Ta fito da kunne a tsage.

"Baba Ibram, ko tsinke ɗaya ba ta haɗiye ba," in ji Salamatu. "Ita kaɗai ta rage mini, kuma nononta jikana ke sha."

"Na rantse, Salamatu."

"Ka rantse wa ciyawa? To, ranar da ka mutu sai ita ta yi maka salla."

Ta ja akuyarta ta nufi gari. Ibram ya tsaya yana gyara wayar.

A shekarar da soja suka karɓi ƙasa aka yi wannan, a bayan Gure, hanyar Alakos. Ni da ke ba ku labarin nan katanga ɗaya ta raba ni da Ibram, kuma yunwa uku na gani a duniya ba wadda ta kayar da ni, amma waccan daban ce. Daga Gidigir har Bune ƙasa ta zama kamar tafin hannu. Wuri ɗaya ne tak ke da ciyawa: filin da wani mai binciken daji daga Yamai, Idrissa, da muke ce wa Mushe, wato Malam a Faransanci, ya kewaye da waya shekara uku da suka wuce, don ya ga abin da ƙasa za ta yi in baki bai taɓa ta ba. Ya ce in ciyawa ta dawo, itatuwan dakwara za su dawo, har barewa ma ta dawo.

Maganar barewar ce ta kama Ibram. Maharbi ne a da, shi da kansa yake cewa hannunsa ne ya ƙarar da bareyin yankin nan. Da aka ba shi gadin filin, ba wanda ya ce ya rantse. Shi ya je gaban liman ya dafa Alƙur'ani: ba baki, ba lauje, sai Mushe ya dawo. Mushe ya yi dariya, ya shiga mota ya tafi.

A gida saniya ɗaya ta rage masa, Fara. Ta kai sai an saka mata taɓarya ƙarƙashin ciki ake tayar da ita. Matarsa Yakura tana jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana huɗu don ɗacin ya fita, su ci ƙwayar, ta ba saniyar tsohuwar zana ta tauna.

"Malam, dami ɗaya," ta ce masa da hantsi, tana tsaye kan saniyar. "Daga gefen waya. Wa zai sani?"

"Wanda na rantse da shi."

"Shi ne kuma ya halicci saniyar."

"Yakura, kar ki sa ni a wuta saboda dabba."

"Ba saboda dabba ba ne. Dubi ƙafarka."

Bai duba ba. Ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga, in ya danna yatsa sai ramin ya tsaya. Kwana biyu bayan nan Fara ta mutu a turke. Mahauta suka ce ko fatar ba sa so.

Gari ya juya masa baya. Mata na so su shiga su kaɗe ƙarangiyar da ke ciki su daka su yi tuwo, ya hana. In ya yi sallama a masallaci, sai a amsa can ƙasan maƙoshi. Ɗan Kasuwa mai kanti, wanda raƙumansa shida suka mutu, ya riƙa kiransa "sarkin ciyawa" a gaban jama'a. Ni ma na daina shiga gidansa, ba zan ɓoye ba.

Ana saura wata guda damina sai ga motar Mushe Idrissa. Shi ma ya rame. Ibram ya dogara sanda ya buɗe masa ƙofar wayar da kansa, yana ta haki, amma kai a sama.

"Ga amanarka, Mushe. Ko ɓera sai da izini."

Mushe ya taka har tsakiyar filin. Ya ajiye wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai kai tabarmar salla ba. Ya yanke ciyawar da ke cikinsa da almakashi, ya rataya a ma'auni, ya rubuta, ya zuba a jakar takarda. Ya matsa gaba ya sake. Sau goma ya yi, bai kai dahuwar shayi biyu ba. Ya karkaɗe wando.

"Shi ke nan, Baba. Aiki ya yi kyau ƙwarai."

"Sauran fa?"

"Wane saura?"

Ibram ya nuna filin da sandarsa, ciyawa har gwiwa, daga wannan waya zuwa waccan.

"Ai tsakiyar kaɗai nake aunawa," in ji Mushe. "Ta gefen waya ba ta shiga lissafina, taku goma duk kewaye. Da kun yanka wa dabbobinku ma ba abin da zai ɓaci. Ban faɗa maka ba?"

"Ba ka faɗa ba."

Mushe ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ɗauko gwangwanin kifi biyu daga mota ya miƙa. Ibram bai karɓa ba.

"Barewa fa, Mushe? Ta kusa?"

"Wannan sai shekara ashirin, Baba, in an samu ruwa."

Ya ce an gama da filin, kowa na iya shiga. Ibram ya rufe ƙofar wayar. Ya koma gida ya kwanta a tabarma, fuskarsa wajen turke. Yakura ta dama masa kunun jar dawar taimako, ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Kwana uku daga kwance bai bar kowa ya taɓa ƙofar wayar ba, yana cewa ko da Mushe ya dawo, sai ya tashi ya je wurin liman an warware masa rantsuwa. A rana ta huɗu da hantsi ya cika.

Mu shida muka yi masa salla, har da liman. Ni na haƙa kabarin ni kaɗai, da cikin da ya kwana biyu ba kome, ku tambayi kowa. Sauran gari suna can hanyar Alakos da lauje da igiya. Daga maƙabarta muna jin kukan awaki da ƙarar waya ana fizga.

Da la'asar sakaliya Salamatu ta shigo gidan makoki da ɗan ƙaramin dami a ka. Ba ta iya duban Yakura ba.

"Iya, ga rabonku. Kafin azahar aka cinye filin."

Yakura ta karɓa da hannu biyu. Ta duba tsakar gidan ta rasa inda za ta ajiye, sai ta kai shi gindin turken Fara. Igiyar na nan ɗaure yadda aka zare ta daga wuyan saniyar. Ta kwance damin ta baza, ta koma kan tabarmarta ta zauna.