Kaluluwar Iliassou Wanzami

Soumaïla ya kama hannun rigar likitan tun kafin ya kai ƙofar ɗakin da yayansa Iliassou ke kwance.

"Kamarad lokotoro, ni za ka faɗa wa. A gidanmu ba a gaya wa majinyaci sunan ciwonsa in sunan mai nauyi ne."

Zamanin kowa kamarad ne, daga minista har mai shara, amma ciwo bai taɓa shiga jam'iyya ba. Likitan ya ja shi gindin mangwaro.

"Tsokar da muka yanka a wuyansa ta je Cotonou, amsa ta dawo. Sankarar kaluluwa ce. A cikin jini akwai sojoji masu tsaron jiki, kaluluwa ce barikinsu. Nasa sun juya wa jikin bindiga." Ya ɗan waiga, don ba lokacin ambaton soja da ƙarfi ba ne. "Akwai mai tafiyar hawainiya. Wannan mai gudu ce. Ta kama wuya da hammata, ta sauka ciki. Zazzaɓin da gumin da ramar nan duk aikinta ne."

"Ba a yankewa?"

"A yanke ina? Ba wuri ɗaya take ba. A Cotonou akwai ruwan da ake sawa ta jijiya, in an dace da shi. Zai zubar masa da gashi, ya hana shi abinci, wataƙila ya kai shi bayan damina. Wataƙila."

Soumaïla ya riƙe wannan wataƙilar da hannu biyu. Ya shiga ɗaki ya ce, "Yaya, an gode Allah, kaluluwa ce kawai. Allura ce za a yi maka a Cotonou, mu dawo."

Iliassou ya tashi ya naɗa rawani a wuyansa. Ya sa hula, ya rataya zabirarsa ta wanzanci, wadda ko asibiti bai yarda ya bari a gida ba.

A tashar jirgin ƙasa mai zuwa Cotonou ana ta lodin auduga, rediyon wani mai shayi yana kirarin juyin juya hali. Can gefe motar Djougou tana neman cikon mutane. Iliassou ya zauna a kan wani buhu, ya kamo hannun ƙanensa ya ɗora a wuyansa.

"Danna."

Soumaïla ya danna. Abin kamar ƙwallon goriba a ƙarƙashin fata.

"Ka ji na ce wash?"

"A'a, Yaya."

"To. Tun ba ka san tsarki ba nake sakiya. Kaluluwa ba ta fitowa sai da uwarta. In ta fito a matsematsi, duba ƙafa, za ka ga miki. In a wuya ne, haƙori ko ƙurji a ka. Ta yi zafi, ta nuna, a huda, ta fashe, a huta. Ni na tuɓe na bi jikina da madubin aski, ban ga uwa ba. Na taɓa jin irinta a wuyan wani mahauci a kasuwar Partago. Na ƙi sa masa ƙarfe. Ban sake yi masa aski ba, kuma ba wanzami ya canja ba."

"Lokotoro ya ce akwai ruwa a..."

"Ya ce ana warkewa?"

Soumaïla ya dubi takalminsa.

"Ka gani? Ƙarya ma ba ka iya ba, tun kana satar ƙuliƙulin Inna." Ya yi murmushi, tari ya katse shi. "Ba zan kwanta a bakin teku inda ba wanda ya san sunan ubana ba. Kai ni Djougou. A can za a yi mini wanka da hannun da na sani."

Jirgin ya yi kuka. Soumaïla ya tsaya kallon mutane suna hawa, hannunsa bai daina jin taurin abin nan ba. Da zai iya ɗaukar yayansa cak ya sa a tarago, ai nauyinsa bai fi na ɗan akuya ba yanzu. Sai ya sunkuya ya ɗauki zabirar, ya juya wajen motar.

Sun kusa isa Djougou, Iliassou ya riƙe shi.

"Matata Hadjo za ta tare ka tun daga zaure. Matar nan ba ta jure labari." Ya gyara rawanin da ya rufe wuyansa. "In ta tambaye ka, kaluluwa ce kawai. Kuma ka dube ta cikin ido, kada ka dubi takalminka."