Na'urar Malam Abdulbaƙi Ta Lalace

Tun ranar da wansa Sada ya yanke jiki ya faɗi a gona, aka ce hawan jini ne ya kashe shi, Malam Abdulbaƙi na Dudunni ya sa wa ransa cewa shi ne na gaba. In kansa ya sara, ajali ne. In ƙafa ta yi masa tsami a zaman majalisa, sai ya fara neman gafarar jama'a. Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, gonarsa tana nan ciyawa na cin kasuwa, don ya rantse ba zai bi Sada ta wannan hanya ba. Mutum ne mai kirki, amma wallahi tsoro ya mai da shi abin tausayi.

Ɗansa Abdullatif ya aiko masa da na'urar awon jini daga Katsina, ya ce ya riƙa rubuta abin da ta nuna safe da yamma. Malam ya ɗinka mata jaka, ya rataye ta a ƙusar da yake rataye carbi.

Sai dai bai yarda da ita kai tsaye ba. Manomi ba ya sayen tiya sai ya gwada ta da wadda ya sani. Shi kuwa ma'aunin lafiya a gidansa ita ce matarsa Rauda, wadda shekara talatin bai taɓa ganin ta kwanta da rana ba. Ita ke daka, ita ke jan ruwa, ta dafa masa miyarsa daban ba gishiri ba magi, sannan ta zauna ta ci tata mai ɗanɗano tana yi masa dariya. Saboda haka kullum sai ya fara ɗaura na'urar a damtsenta, ya rubuta, sannan ya ɗaura a nasa.

Nata ya fito ɗari da tamanin da wani abu. Nasa ɗari da ashirin da biyar.

"Kin gani ko? Ke da kike lafiya lau ta ba ki mai yawa, ni da nike fama ta ba ni kaɗan. Abin ga ya ruɗe."

"Ko dai tsoronka ta ji, Malam," in ji Rauda, ta janye hannu ta koma bakin turmi.

Ya canza wa na'urar batir. Ya bar ta ta sha iska a inuwa. Sati uku ana abu ɗaya, shafi ya cika layi biyu, nata da nasa. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya hau kabu-kabu zuwa Kusada, daga nan ya shiga mota sai asibiti a Kankiya, zai kai ƙarar na'ura.

Ma'aikaciyar jinyar da ya tarar, Kamila, ta saurare shi har ya gaji don kansa. Ta auna shi da na'urar asibiti, ta auna shi da tasa. Duka biyun suka faɗi magana ɗaya.

"Baba, jininka ya fi nawa kyau. Na'urarka ma lafiyarta ƙalau." Ta jawo littafin da yake rubuta awon a ciki. "Wannan layin fa, na wane ne?"

"Na gwaji ne, ɗiyata. Na mai ɗakina. Ita ai ba ta ciwo."

"Ba ta cewa kanta na ciwo?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tuna ɗankwalin da take tamke goshi da shi kowace la'asar. Ya tuna ranar da ta dafa bango a bakin rijiya ta ce rana ce. Shi a lokacin yana can yana lissafin bugun zuciyarsa.

"Ka kawo ta yau, Baba. Ba gobe ba. Wannan ciwon ba ya sallama. Kuma ka gode Allah da ka rubuta."

Bai taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. Mutumin da ya yi wata biyu yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, sai ga shi ya dira daga kan babur da gudu. Ya iske Rauda tana daka, ya riƙe taɓaryar da hannu biyu.

"Aje. Ɗauko mayafinki."

"Mi ya faru? Sun ce mutuwa za ka yi?"

"Sun ce noma za ni yi. Ke aka kira."

Aka ba ta magani, aka ce ta rage gishiri, ta ci gaba da awo a gida. Washegari ya fita da fartanya tun da sassafe, ya dawo da la'asar ya ɗaura mata na'urar da kansa, ya rubuta. Da ta kawo tuwo, ya tura mata kwanon miyarsa mara gishiri. Ta kai loma ɗaya, ta yamutsa fuska.

"Malam, wannan abin nike ba ka wata biyu? Ka yafe mani."

Ya yi niyyar dariya, sai ya ji hawaye.

"Ci dai, Rauda," ya ce. "Ni ya kamata in roƙe ki."