Irin da Zulai Ta Hana Ruƙayyatu

Zulai ta Diggi maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba.

A shekarar farin nan ta saba'in da uku mijinta Ɗahiru ya rasu, ya bar mata 'ya ɗaya, Ruƙayyatu, da tulu guda na irin shinkafa da aka liƙe bakinsa da laka. Mu mutanen fadama ba ma cin iri. Ko yunwa ta kai ina, iri na ƙasa ne. Zulai ta riƙe wannan ka'ida. Yarinyar tana ramewa, tana jingina da tulun nan tana shafa shi, uwar tana dafa mata ganye da dusa. Kafin ruwan farko ya sauka, Ruƙayyatu ta bi ubanta. Wasu sun ce zazzaɓi ne. Zulai dai ba ta taɓa cewa zazzaɓi ne ba.

Da damina ta kama, ta fasa lakar, ta sa aka yafa irin a gonarsu ta bakin gulbi. Kwana uku da shuka, gulbi ya cika tun lokacinsa bai yi ba, ya haye gonar har gwiwa.

Sai ga yayan mijinta, Umaru, daga Ceberu ta ƙasar Gwandu. Mutumin kirki ne, amma manomin tudu, gero ya sani da shanu. Ya tsaya bakin ruwa ya shinshina.

"Zulai, kin ji tsamin nan? Kamar kunun da ya kwana. Ruɓewa ya fara. Gero kwana biyu cikin ruwa ya gama. Bari in shiga da shanu da fatanya mu yanka wa ruwan hanya, ko a tsira da rabi."

"Yaya Umaru, in ya ruɓe, to don me na hana Ruƙayyatu shi?" Abin da ta ce ke nan, idonta a kan ruwa.

Tsoho Yusufu masunci yana gefe yana ɗinkin taru. Ya ce, "Kai na tudu, shanunka sun iya iyo ne, ko kai za ka goya su? Ka sa kofato cikin gonar nan, ka tada laka, ka binne shinkafar da ranta. Shinkafa ba gero ba ce. In ruwa ya rufe ta, ba ta saiwa, ba ta ganye. Guzurin da ke cikin ƙwayarta take ci a hankali, tsamin da ka ji ke nan. Zare ɗaya take miƙowa sama, neman iska."

"In guzurin ya ƙare ba ta iso ba fa, Baba?" Zulai ta tambaya.

"Sai ta mutu, ɗiyata. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Umaru ya ce da ma masunta komai nasu jira ne, amma ya mayar da shanunsa.

Kullum da hantsi Yusufu yakan ɗauki Zulai a jirginsa, ya tura a hankali don kar ruwa ya gurɓace. Rana ta biyar na bi su. Na leƙa. Ƙasan ruwan nan cike yake da zarurruka farare fat, sirara, babu ɗigon kore a jikinsu, duk sun miƙe sama suna ɗan kaɗawa. Ban taɓa ganin abu mai rai ya yi fari haka ba. Zulai ta sunkuya har mayafinta ya jiƙe.

"Dije, dubi," ta ce da ni. "Haka hannun Ruƙayyatu ya koma."

Ta tsoma hannu tana auna tazarar da ta rage, taƙi guda da yatsu huɗu. Washegari taƙi guda. Ta daina cin abinci sosai. Ta ce mini in ta sunkuya takan ji kamar ana kiranta daga ƙasa, ba da murya ba. Har ta riƙa ɗauke numfashi tana kallon su, sai Yusufu ya buga gefen jirgi sannan ta sake shi.

Rana ta tara ruwa ya ɗan ja. Kawunan suka huda saman ruwa kamar allurai, kafin la'asar sun fara kore. Ta gefen kwari, inda ya fi zurfi, babu abin da ya fito, sun kwanta a laka. Amma fiye da rabin gonar ta tashi.

Umaru ya yi hamdala, ya ce ya sara wa masunta.

Da kaka aka yanka, aka sussuka, ta cika rumbu. Ta dafa ta fari, ta aiko mini kwano, ta aika wa Yusufu, ta rarraba wa duk gidan da ke da 'ya mace a unguwar. Na shiga in yi mata godiya, na tarar da ita zaune da nata kwanon a gaba, loma ɗaya a hannu ta huce. Na zauna kusa da ita.

"Dije," ta ce, "da na ɗiba wa Ruƙayyatu mudu ɗaya cikin irin nan, da gonar ba ta ma sani ba."

Na karɓi kwanon na rufe mata.