Hular Murhun Damata

Issifu maƙerin kwano na tsaye kan turmi, ya cusa kansa cikin hular murhun, Damata kuwa sai leƙen hanya take yi. Duba-gari, wanda 'yan unguwar Nima ke kira Tankas, ya ce da azahar zai dawo. In ya sake tarar da hayaƙi ya cika gidan zai rufe mata kicin, shinkafa da waken da take sayarwa tun kafin samun 'yancin kai kuma sai dai labari.

Hular ta kwano ce, da bututu da ya huda rufi. Issifu ya ga irinta a wani otal a unguwar Adabraka, ya ƙera mata, ya bi unguwa yana cika baki. Wata biyu hayaƙi na ficewa sama lafiya lau. Yau kwana biyar ke nan yana dawowa ƙasa, masu haya na tari suna zagi.

Ba abin da bai gwada ba. Ya ce itacen ɗanye ne, aka sauya. Ya ce iska ce ba ta shigowa, aka wangale ƙofa. Ya hau rufi neman sheƙar tsuntsu, ya sauko hannu rabbana. Da ya kunna tsumma ya kara a bakin bututun, hayaƙin ya dawo masa a ido.

"Maame, aikina ba ya da laifi," ya ce wa Damata yana share hawaye. "Wani ya sa hannu."

Damata ta ɗauka asiri aka yi mata. Ta shiga lissafa maƙiya a zuci, ga rana tana ta yin sama. Issifu ya ɗauko gora ya zura cikin bututun, ya ji ta tokari wani abu.

"A hankali, yaro. Kar ka kakkaɓe shi."

Mahaifinta ne, Baba Kadiri, daga bakin ƙofa. Shekara uku ke nan da ta ɗauko shi daga garinsu Bawku neman maganin ido, kullum kuma cewa yake da damina zai koma.

Issifu ya sa hannu ya zaro damin zangarniyar gero, ɗaure da waya, ya yi baƙi ƙirin. Tsohon ya karɓa yana shafawa. Ya ce ƙwari ne suka fara ci a ɗaki, a gida kuwa saman murhu ake rataye iri hayaƙi ya tsare shi. Ya lallaba ya tura shi ciki don kada ya tare mata wuri.

"In ya lalace, me zan shuka?"

Damata ta fasa faɗan da ta yi niyya. Tun bara wasiƙa ta zo cewa an raba gonarsa ta Bawku, ta ɓoye ta a ƙasan akwati. Tausayi ya kama ta. Ta ce wa Issifu ya lanƙwasa waya ya maƙala a gefen hular, inda hayaƙi zai taɓa damin ya wuce.

Ana kiran azahar Tankas ya shigo da farar hularsa. Wuta na ci, hayaƙi na bin bututu. Ya nuna damin da sanda ya tambaya ko mece ce wannan ƙazantar.

Tsohon ya karkato kunne.

"Iri ne," in ji Damata. "Na Baba. Baɗi zai shuka."